Littafin Da Ya Miƙa Wa Baba

Kun ishe ni da tambaya a ƙasan rubutuna na baya, wai me ya sa amarya guda take ta rama biki na matsowa. Wata har cewa ta yi ɗoki ne ya hana ni cin abinci. 'Yar'uwa na yafe miki, ba ki san abin da ke ƙasa ba. Yau zan faɗa muku, in ya so ku zage ni ko ku taya ni kuka, duk wanda kuka ga dama.

Ga waɗanda yau suka fara bina: babana fasto ne. Tun ina rarrafe yake riƙe da ikilisiyarmu. Gidan da muke ciki ma na coci ne, katanga ɗaya ta raba mu da majami'a, har in mawaƙa suna gwaji sai kofunan Mama sun yi ta rawa a kan kanta. Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gabansu. Kuma Baba ba ya gani.

E, abin da kuka karanta ke nan. Mutumin da yake hawa mumbari duk Lahadi da baƙar kwat da farar kwala, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ɗora yatsa yana bin layi jama'a na amsa amin, ba ya ganin ko harafi ɗaya. Hawan jinin ido ne ya ci shi a hankali. Haske da duhu kawai yake bambancewa, sai kuma launi in ya yi ƙarfi sosai. Dokar ikilisiyarmu kuwa ba ta da kwana: in idon fasto ya tafi sai a sallame shi ya huta, a kawo wani, gida kuma ya bi kujera. Baba bai ƙi hutun ba. Abu ɗaya ya roƙi Allah, ya bar shi a mumbarin nan har ya ɗaura mini aure da bakinsa.

"Na ɗaura wa 'ya'yan mutane ba adadi, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Naki ne za a ce in zauna a benci ina sauraro?"

Sai muka raba aiki, ni da shi da Mama. Kullum da rana in ya ci abinci, ina zama a ƙasa jikin kujerarsa in karanta masa inda zai yi wa'azi, in maimaita, shi ma ya maimaita, har ya zauna masa daram. Kan Baba kuwa ba dai riƙo ba. In sa masa zare a shafin, don ko wani ya leƙo ya ga daidai aka buɗe. Ranar sujada in ɗaura jan ɗankwalin nan nawa da 'yan matan coci ke min tsiya wai ko shi kaɗai na mallaka, in zauna a bencin gaba. Shi ne fitilar Baba, da shi yake gane inda zai fuskanta. In an tashi yana gaisawa da mutane a bakin ƙofa, ina gefensa rungume da jakarsa ina masa raɗa: "Matar mai kemis ce, ɗanta ya fito daga asibiti." Sai ka ji Baba, "A'a, maman yara, ya mai jiki?" Matar ta tafi tana faɗa wa kowa Baba Fasto ba ya manta mutum.

In kun ce ƙarya muke yi, ban musa ba. Amma a lokacin ko a zuciyata ban taɓa kiranta da wannan sunan ba.

Shi kuma wanda zan aura, Likita nake ce masa don tsokana. Ba likita ba ne, a shagon tabarau yake aiki, shi ke gwada idon masu saye. Dogo ne mai sanyin murya, rigarsa kullum kamar yanzu aka ɗaga mata dutsen guga. A nazarin Laraba na fara ganinsa, inda in Baba ya gama koyarwa ake ba kowa dama ya yi tambaya. Shi kullum da tasa, kuma ba ya farawa sai ya ce, "Baba, kowa ya san ba ka duba fuskar mutum in za ka faɗi gaskiya." Baba ya ji daɗi, ni kuma in ji abin da ya fi daɗi.

Ɗan ƙanwar Mai Bulo ne, babban dattijon cocinmu, wanda rabin ginin majami'ar da bulonsa aka yi, kuma ba ya bari a manta. Mai Bulo ya daɗe yana so a ɗora surukinsa, wani matashin fasto, a kujerar Baba. Shi ya sa ranar da Likita ya fito ya ce ni yake so, Mama ta taka rawa a kicin da ludayi a hannu. "Allah ya kashe wutar nan da kansa," in ji ta. "Wa zai kori uban amaryar gidansa?"

Ni na kai masa maganar idon Baba. Ba suɓutar baki ba ce, da ƙafata na je shagon. Na ga aikinsa ne, na ga an riga an sa rana, na ce wa zan kai wa kukana in ba shi ba? Ya saurare ni har ƙarshe, ya riƙe hannuna ya ce, "Haba, duk wannan ke kaɗai kike ɗauke da shi?" Na yi kuka a gaban madubin shagon har jan bakina ya dame. Washegari ya zo gida da 'yar fitilarsa, muka saki labulen falo, ya duba Baba, ya kawo maganin ɗigawa. Ya ce jijiyar ta riga ta tafi, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ranar Baba ya dafa kansa ya ce masa "ɗana", kuma bai sake kiransa da wani suna ba.

Watan nan Baba ya ɗauko darasi a kan masu tambayar tarko a cikin Linjila. Ni na karanta masa, don haka har ni na haddace. Yadda Farisiyawa da mutanen Hirudus, waɗanda ba sa shan inuwa ɗaya, suka haɗa kai don su kama Yesu da maganar bakinsa. Yadda manyan ba su zo da kansu ba, sai suka turo yaransu masu fuskar kirki, suka fara da yabo, sannan suka ajiye masa tambayar haraji, wadda in ka ce e ka shiga uku, in ka ce a'a ka shiga uku.

"Ki lura Uwata," Baba ya ce, "ba su taɓa zuwa da zagi ba. Duk da ladabi suke zuwa."

Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, waya a cinya, ina jiran saƙon Likita.

Larabar da ta wuce da safe ya rubuto:

"Amaryata, yau wane kaya za a sa?"

"Ina ruwanka?"

"Ki ɗaura jan ɗankwalin. Yana miki kyau. Baba zai fito nazari ai?"

"Yaushe ya taɓa fashi?"

Ya turo zuciya, na mayar masa da biyu. Ku duba mini wauta.

Muna shiga majami'a da yamma idona ya sauka a kan Mai Bulo da Hedimasta a benci ɗaya. Hedimasta shi ne dattijo na biyu, tsohon shugaban makaranta. Rabonsa da gaisawa da Mai Bulo tun rigimar wanda zai riƙa zama a kujerar dama da bagade, teburin gaban majami'a. Haushin Hedimasta da Baba kuwa, an daina ba shi wa'azi tun ranar da ya riƙe mutane har yara suka fara kukan yunwa. Dukansu ba sa zuwa nazarin Laraba. Ga su kafaɗa da kafaɗa, har da 'yar dariya. Na raɗa wa Baba. Sai ya ce, "Madalla, an shirya ke nan."

Ran Laraba Baba ba ya hawa mumbari, gaban ƙaramin tebur yake tsayawa dab da bencina. Ya koyar, ya yi kyau yadda ya saba. Da aka zo tambaya Likita ya miƙe, sanye da farar rigar da ni na zaɓa masa, riƙe da littafi cikin baƙar riga mai zif irin wadda ake sa wa Littafi Mai Tsarki.

"Baba, kowa ya san ba ka duba fuskar mutum in za ka faɗi gaskiya. Amsar nan da aka ba masu tambayar haraji, kamar fassarar da ke hannuna ta ɗan bambanta da wadda ka karanta. Don Allah ka karanta mana daga nawa, mu ji ko ni ne ban gane ba."

Ya tako, ya zuge zif, ya buɗe, ya rusuna ya ɗora wa Baba a hannu da hannu biyu.

Daga inda nake ina ganin shafin. Gajerun layuka ne jere a tsakiya, da ƙatuwar lamba a sama. Littafin waƙoƙi ne ya sa wa rigar Littafi Mai Tsarki.

Jama'a, ban san cewa mutum na iya mutuwa yana zaune da jaka a cinya ba sai ranar. Nan take na gane komai. Baba ya haddace wurin, zai ɗora yatsa ya zuba shi tiryan-tiryan, sai Hedimasta ya taso ya ce a nuna wa jama'a shafin. Har ya gyara zaman tabaransa, ya dafa bencin gaba yana shirin tashi. Na so in yi tari in ankarar da Baba, na ga ba zai gane ba. In na ɗaga murya na ce Baba littafin waƙa ne, ni na tona shi da bakina. Na nemi idon Likita. Fankar sama yake kallo.

Baba ya riƙe littafin. Ya shafa shafin da babban yatsa.  Can ya rufe shi, ya lalubo zif ɗin ya zuge da kansa, ya miƙa.

"Karɓi, ɗana. Ba zan iya karanta maka ba."

Ya juyo wajen jan ɗankwalina, don nan ya san jama'a suke.

"Jama'ar Allah, ba na gani. Na daɗe ba na gani. Abin da kuke ji ina karantawa, da ka nake yi. Na ɓoye muku. Ku gafarce ni."

Wata tsohuwa a baya ta ce wayyo Allah. Mata suka fara sheshsheƙa. Mai Bulo ya miƙe da fuskar ta'aziyya yana girgiza kai: "Ayya Baba, ai da ka faɗa mana tun wuri. Mu ai naka ne. Za mu zauna." Hedimasta ya koma ya zauna yana goge tabarau, kamar wanda aka ƙwace wa nama a baki. Ba wanda ya sake bi ta kan littafin.

Kun san wa ya riƙe hannun Baba ya rako shi gida? Likita. A gaban kowa, a hankali, yana cewa "Baba ga matakala." Ina biye da su da jaka ina jin mata na cewa, kai, yarinyar nan ta yi dacen miji.

Dattawa ba su ɓata lokaci ba. Baba zai yi ban kwana ƙarshen wata, surukin Mai Bulo zai karɓa, surukin ne kuma zai ɗaura aurenmu. Gida za mu tashi. Amma Mai Bulo, saboda kirki irin nasa, ya ce akwai ɗaki biyu a bayan inda ake buga masa bulo, Baba da Mama su zauna, "tunda an kusa zama ɗaya."

Na sami Mama a ɗakina tana cire wa rigar aure leda. Farar rigar na rataye a ƙofar wardrop, hannunta na leshi har wuyan hannu, yadda Baba ya ce yana so tun bai san ba zai ganta ba. Na rufe ƙofa na faɗa mata abin da na gani. Hannunta bai daina gyara bakin rigar ba.

"Da idonki kika gani?"

"Da idona, Mama."

"Wa kuma ya gani?"

"Babu. Ni ce a gaba."

"To ba ki gani ba."

"Mama!"

Ta juyo. Ban taɓa ganin tsufa a fuskarta ba sai ranar. "Ki rage murya. Ki faɗa mini, ina zan kai makaho? Wurin yayanki da ke ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya? Kin fasa auren nan, ɗaki biyun nan ma sun tafi. Sannan a ce me? 'Yar faston da ya yi wa ikilisiya ƙarya ta yi wa yaron da ya riƙe hannun ubanta ƙazafi. Wa zai yarda da ke? Mu ne maƙaryata yanzu a bakin mutane, ba su ba."

"To in kwanta in tashi da mutumin da ya..."

"Yaro ne, sa shi aka yi. Zai yi hankali." Ta share ido da bakin zani. "Kuma ki ji ni da kyau, kada ki kuskura ki faɗa wa babanki. Ya rasa ido, ya rasa mumbari. Ki bar masa ɗan nan da yake ganin ya samu."

Tana fita na ɗauki waya.

"Wane littafi ka ba Baba?"

Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa.

"Ki kwantar da hankalinki, mu yi magana in na zo."

"Wane littafi?"

"Kawu ne ya riƙe ni tun ina ƙarami, kin sani. Ko ba ni ba wani zai yi, kuma da wulaƙanci zai yi. Son da nake miki ba ya cikin wannan maganar."

"Ranar da ka fara zuwa nazarin Laraba, kai ka kawo kanka ko turo ka aka yi?"

Ya karanta. Na ga alamar ya karanta. Ina zaune a bakin gado ina kallon wayar har ta yi duhu, na taɓa ta, ta sake yin duhu. Abin da ya shigo daga baya shi ne, "Gobe da yamma ina hanya."

Abin da ya fi ba ni haushin kaina, ko a lokacin sai da na buɗe hotonsa na kalla. Ina sonsa. Ku zage ni, na ce ina sonsa, kuma ina jin ƙyamar hannuna da ya taɓa riƙewa. Duka biyun suna cikin ƙirji ɗaya, shi ya sa abinci ba ya samun wurin shiga.

Washegari da rana ina cusa kofuna cikin kwali a falo, bango duk ya yi fayau an sauke hotuna, sai na ji Baba daga kujerarsa: "Uwata, lokacin karatu ya yi."

Karatun me, ba wa'azin da ya rage masa sai na ban kwana? Amma na wanke hannu na zo na zauna a ƙasa. Na buɗe, na fara, murya ta ƙi fita. Na riƙe numfashi don kada ya ji kuka. Sai ya miƙo hannu ya lalubo shafin, ya murza shi tsakanin yatsu.

"Kin ji? Kamar ɓawon albasa. Tun kafin a haife ki nake shafa irin takardar nan. Wadda aka ɗora mini ran Laraba kauri gare ta."

Littafin ya kusa suɓuce mini.

"Baba... ka sani?"

"Tun kafin in gama buɗe hannu. Littafin waƙa ne, har gefensa ya lanƙwashe."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?" Ban san na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi ba. "Magana ɗaya, Baba! Da ka ce yaro wannan ai littafin waƙa ne, da kowa ya ce kana gani, da bakinsu ya mutu, da shi ne zai rasa inda zai sa kansa!"

"Da na ci su, haka ne." Ya jingina. "Da na ci su da wata ƙaryar, in kuma tozarta mijin 'yata a gaban mutanen da za su zo bikinta. Uwata, wata guda ina koyar da mutane a kan masu ɗana tarko, ina ajiye kaina a wurin wanda aka ɗana wa. Sai da littafin nan ya taɓa hannuna na tuna. Shi Yesu da suka je kamawa ba abin da yake ɓoyewa, shi ya sa suka dawo hannu wofi. Ni da suka zo, sun samu."

Na kifa kai a gwiwarsa na yi kukan da na kwana biyu ina haɗiyewa. Ya dafa kaina yana lalubar ɗankwali, baƙi ne ranar, bai sani ba.

"Kada ki faɗa wa mamanki," ya ce a hankali. "Tana son yaron. Ki bar mata."

Kun ji. Ita ta ce in ɓoye masa, shi ya ce in ɓoye mata, kowa na tausayin kowa, ni kuma an bar ni a tsakiya da farar riga a ƙofar wardrop.

"Baba, in aure shi?"

Ya ɗauke hannu daga kaina. "Da ina gani, da na kalli fuskarki na ba ki amsa. Ni abin da na iya yi, ban rufe miki ƙofar ba. Shiga ko fasawa naki ne."

"In na fasa, ina za ku zauna?"

Shi ma bai sani ba.

Ana haka muka ji tsayuwar mota a waje. Mama ta leƙo daga kicin da sauri tana goge hannu: "Ke, tashi ki wanke fuskar nan, ki sa shuɗiyar rigarki." Ban motsa ba. Aka ƙwanƙwasa, muryar nan mai sanyi ta yi sallama. Baba ya gyara zama, ya kai hannu wuya zai daidaita kwalar da ba ya sanye da ita, ya ce, "Shigo."

Bai ce ɗana ba.

Labule ya ɗaga. Ga shi tsaye da farar riga, ledar maganin ɗigawa a hannu, yana murmushi, idonsa na neman nawa. Mama na bayansa tana min alama da ido in tashi. Sai Baba ya karkato kansa wajena, daidai yadda yake yi a bakin ƙofar majami'a in mutum ya tunkaro. Ya san muryar sarai, ya fi kowa saninta.

"Uwata," ya ce ƙasa-ƙasa, "raɗa mini. Wa ya shigo?"

Duk tsawon lokacin nan ban taɓa rasa abin da zan raɗa wa Baba ba. Na kai bakina kusa da kunnensa, su uku suna jirana, na rasa sunan da zan kira mutumin nan da shi.